Kwana tara a garkar Kawu, lokacin cirar albasa

Saƙon Kawu ya iso mini ta WhatsApp ranar wata Talata da dare, murya ce da ba ta kai minti guda ba: "Ɗan nan, albasa ta kwanta. Na yanke mata ruwa tun shekaranjiya. In kana da rabon ganin cira bana, ka taho kahin Juma'a ta sama." Shekara shida rabona da garkarsa lokacin cira. Kullum sai da sallah nake zuwa, in tarar an gama komai, a ɗaura mini rabin buhu in dawo Yamai ina raba wa maƙwabta. Wannan karon na nemi izini a wurin aiki, na je na yanki tikiti.

Azumi ya faɗo cikin watan Maris, don haka motar ta ɗaga bayan sahur. Mun wuce Kure da sauran duhu, babu wanda ya ko leƙa taga neman raƙuman dawa. Rana ta fito mana a Dosso, hantsi ya same mu a Dogon Dutsi, kuma tsakanin nan da can an sauke mu a shingen jami'an tsaro ya fi sau uku, kowa da katinsa a hannu. Daga Ƙonni zafi ya fara magana. Motar ta yi tsit, masu azumi kowa ya jingina kai, sai kukan wani jariri a baya.

A Tsarnawa hanya ke rabuwa. Wanda ya miƙe zai wuce Malbaza ya faɗa Galmi, garin da ya ba albasarmu suna, sannan Madawa da Maradi. Mu muka karya hagu, muka nufi arewa. Amma tun kafin mu karya, warin albasa ya riga ya shigo motar. Buhuna ne jere a bakin kwalta, kowanne an cika shi har ya yi tozo an ɗinke masa hula a ka, ga manyan motoci sun yi layi, ga ƴan dako tsirara daga ƙugu zuwa sama suna hawa da su kan katako. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce yawancin kayan nan Gana za su, wasu Abijan. Na yi ta kallon buhunan ina tunanin cewa kowace albasa da ke ciki sai da wani ya durƙusa ya riƙe ta a hannu, ya yanke mata ganye.

Daga nan ƙasar Adar ce sosai: tuddai masu baƙin dutse, shimfiɗe kamar an yanke musu kai da wuƙa, sai ka gangara kwari kamar na Badagishiri ka ga kore ya tare maka ido. Mun shiga Tawa bayan la'asar, tafiyar kilomita ɗari biyar da wani abu. Na sha ruwa a gidan Gwaggo, kunun tsamiya da ƙosai, ta kuma gutsuro mini cuku ta ce in ci da shayi in tuna gida. Washegari da sassafe na hau wata tsohuwar mota mai bin hanyar Keita, na sauka kafin Tamaske, ɗan Kawu ya ɗauke ni a babur.

A kan hanyar shiga ƙauyen akwai jerin duwatsu da aka shirya a gangaren tudu, layi bayan layi, wasu sun nutse cikin ƙasa har ciyawa ta rufe su. Aikin Keita ke nan, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, bayan farin da ya cinye dabbobi da gonaki. Mata ne suka fi yin dakon duwatsun a ka, ana biyansu da abinci, kuma mahaifiyata na cikinsu. Duwatsun nan su ke tare ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya kwashe ƙasa ya gudu. Kawu ya sha gaya mini cewa rijiyar garkarsa daga can take sha.

Na same shi a tsakiyar fangali, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaura rawani sama-sama. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ka taho lahiya? Ya mutanen Yamai? Ya iyali?" Bai jira na gama amsawa ba ya kama hannuna ya ɗora a wuyan wata albasa. "Matsa nan. Me ka ji?"

Na ce na ji laushi, kamar babu komai a ciki.

"To ta nuna ke nan. Wadda wuyanta ke da tauri ba ta gama ba, ko kuma ba za ta taɓa gamawa ba."

Garkar ba ta da girma, amma aikin da ke kwance a cikinta na wata biyar ne. Tun ƙarshen damina ya yafa iri a wurin reno, irin da ya fitar da kansa daga albasar bara da ya sake dasawa ta yi fure. Bayan kwana arba'in da ƴan kai aka yi dashe, ɗaya bayan ɗaya, da yatsa. Daga nan sai ban ruwa da inji duk bayan kwana biyu ko uku, da cire ciyawa, da taki, da yaƙi da ƴan ƙananan ƙwarin nan da ke ɓuya a maƙogwaron ganye suna tsotse shi har ya yi fari. Yanzu ganyen ya yi rawaya, fiye da rabi ya faɗi ya kwanta a ƙasa, fangalin ya bushe ya tsattsage.

Yanke ruwan nan shi ne abin da ya fi wa manomi wuya, kuma na fahimci dalili. Albasar da ta sha ruwa har ranar cira ta fi ƙiba, ta fi sheƙi, ta fi saurin cika buhu. Wanda zai sayar a ranar, riba yake gani. Amma ruwan da ke cikinta shi zai kashe ta, ko a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ko a bayan mota kafin a kai Kumasi. Kawu kwana goma sha biyu ya bar tasa babu ko ɗigo. Haka ma takin zamani: wanda ya zuba shi da yawa a ƙarshe, zai samu ganye kamar na dawa da wuya mai kauri wanda ba ya rufuwa.

Saboda azumi, daga sallar asuba muke fita. Mu bakwai ne, da ƴaƴan Kawu biyu da wasu samari ƴan ƙwadago. Inda ƙasa ke da laushi a kama ganye a ja, inda ta yi tauri a sa ƙaramar hauya a ɗaga daga gefe, a hankali, domin albasar da hauya ta sara ta tashi daga ta ajiya. Ba a jifa da ita, ba a buga ta da ƴar'uwarta don kakkaɓe ƙasa. A jera su layi, ganyen na baya ya rufe kan na gaba, yadda iska za ta ratsa amma rana ba za ta dafa su ba. Ranar Maris a Adar tana iya ƙona albasa ta yi tabo fari cikin yini guda. Haka muka bar su kwana uku a fili. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya kowa ya nemi inuwa, maƙoshi ya bushe, hannu na yaji.

Ranar huɗu aka fara yanka, kuma a nan ne zuciyata ta fi zama. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bedi, aka tara albasa tsibi-tsibi, mata suka fito da wuƙaƙensu, Inna matar Kawu a gaba. Aikin ido ne da yatsa. A ɗauki albasa da hagu, a auna kamar yatsa biyu sama da kanta, a yanke ganyen a nan, a juya ta a share saiwar, a murza ɓawon da ya saki ya faɗi da kansa. Ɓawon da ya kama ba a taɓa shi, shi ne rigarta. Inna tana yin wannan tana hira, ba ta ko kallon hannunta.

Ni kuwa na fara da gaggawa, ina yankewa dab da kai don ta fi kyan gani, yadda nake ganinta a kasuwar Katako ta Yamai. Na yi kusan kwando guda kafin Inna ta lura. Ta ɗauki ɗaya ta nuna mini inda ruwa ke tsattsafowa daga yankan.

"Ɗana, ka buɗe mata ƙofa. Ta nan ruɓa ke shiga. In ka bar mata wuya, shi zai bushe ya murɗe ya rufe bakin da kansa."

Aka ware kwandon nawa gefe, aka ce na miya ne da na kyauta. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san wata nawa aka yi ana ba su ruwa. Daga nan na rage hannu, ina aunawa da yatsa kowane lokaci har ido ya saba.

Ana yanka ana zaɓe. Manya masu kauri a wuya, da waɗanda suka fitar da kara suka yi fure, da tagwaye, da masu rauni, duk kasuwa za su yanzu. Matsakaita masu tauri, masu siririn wuya da launin nan ja mai ratsin shuɗi, su ne na rudu. A cikinsu ma Kawu da kansa yake tsince na iri, yana juya kowace a tafin hannu kamar mai duba zinariya, ba ya barin kowa ya taya shi. Ya ce da irin nan aka san mu, har wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman rajistar sunan albasar Galmi a matsayin nasa, manoman Nijar suka tashi tsaye sai da aka janye. A 2023 ne hukumar OAPI, mai rajistar haƙƙin mallakar suna da fasaha a wasu ƙasashen Afirka, ta ba albasar Galmi takardar shaidar asali, tare da kilishin Nijar. Kawu ya ji labarin a rediyo, ya ji daɗi, amma ya ce har yau dillali bai ƙara masa ko dala a buhu ba saboda takardar.

Ganyen da aka yanke ba ya zama shara. Mai sauran ɗanye, lawashi, mata ke kwashewa su daka a turmi, su dunƙula, su shanya a kan zana ya zama gabu. Kuɗin gabu nasu ne, ba ya bi ta aljihun maigida. Wata ƴar'uwar Inna ta ce da shi ta yi wa ƴarta kayan ɗaki. Wanda ya bushe ƙarau kuma na tumaki ne.

Daren kwana na bakwai, bayan tarawihi, muna zaune a ƙofar gida sai ga dillali a babur. Ya gaida Kawu da ladabi, suka koma gefe. Da ya tafi Kawu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya yi mini lissafi. Man inji na wata huɗu bashi ne. Taki bashi ne. Ƴan ƙwadago suna jiran nasu kafin sallah. Wanda ya ba da bashin kuwa da albasa za a biya shi, a farashin yau, lokacin da kowa ke cira kuma kasuwa ta cika ta batse. Wanda ya iya riƙe tasa har damina ta yi nisa yakan sayar da ninki biyu ko fiye, ko da wani kaso ya ruɓe a ajiya. Kowa a ƙauyen ya san haka. Rashin abin hannu ne ke sa mutum ya sayar da wahalarsa a lokacin da ta fi arha. Ya tuna mini da shekarar 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da aka rufe iyakoki motoci suka tsaya da kaya har albasa ta riƙa zubar da ruwa a hanya, a Gana kuma tana tsada kamar magani. Waɗanda suka yi haƙurin ajiya a shekarar nan ma ba su tsira ba.

Ban yi barci sosai ba. Da asuba na gaya masa cewa kuɗin da na tanada don ɗinkin sallah da wasu hidimomi zan bar masa, ya sallami ƴan ƙwadago da mai mai, in ya sayar da damina ya mayar mini. Ya ƙi sau biyu. A na uku ya ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan nan," ya juya ya shiga gyaran igiyar rudu.

Rudun nasa a bayan gida yake, an ɗaga shi a kan itatuwa kamar kamu biyu daga ƙasa, jikinsa karan gero, kansa jinka. Iska na shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Mun share shi, muka sake shimfiɗin kara, muka riƙa miƙa albasa da kwando, ƙaramin ɗansa na ciki yana zubawa a hankali. Cikin buhu arba'in da ɗaya da garkar ta bayar, ashirin da huɗu suka bi motar dillali, sauran suka shiga rudu, ban da na iri da aka rataye daban. Kawu ya ce duk bayan mako biyu zai buɗe ya sa hanci, in ya ji wari ya tono mai laifin kafin ta shafa wa na kusa da ita.

Ranar da zan tafi Inna ta ƙulla mini gabu a leda, ta cika mini ƙaramin buhu da albasar nan da na yanke dab da kai. Ta ce in gaya wa mai ɗakina ta fara da su, kada su wuce wata guda. A tashar Tawa yaron mota ya ɗaga buhun ya jefa sama, na ce masa ya sauke, na hau da kaina na ajiye shi a hankali tsakanin wasu katifu biyu.