Na sauke kayan, ga godiyata

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yau kwana uku da kare kundin digirina a kan bakteriyar daddawa, sai yanzu hannuna ya daina rawa har na iya riƙe waya in rubuta wani abu. Ranar Alhamis da aka kira ni aka ce an amince da aikin, sai 'yan gyare-gyare, ban yi guɗa ba, ban yi kuka ba. Benci na samu a baranda na zauna na cire takalmi, barci ne kawai a idona. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Saƙonninku sun fi ƙarfina, wanda bai ga amsata ba ya yi haƙuri, ba raini ba ne, gajiya ce ta shekara huɗu ta sauko mini lokaci ɗaya.

Ba zan sake jero muku labarin ba, kun sha shi har kun ƙoshi: yajin aiki, laulayi, haihuwa, kuɗin gwajin da dala ta mayar ninki. Wuri ɗaya nake so in tsaya, domin a lokacin abin da na rubuta kawai shi ne "a taya ni da addu'a", ban taɓa faɗin yadda ranar ta kasance ba.

Da malaman jami'a suka fara yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022 cewa aka yi na gargaɗi ne, mako huɗu. Ina da bakteriya iri 46 da na shekara guda ina tacewa daga daddawa da iru, wato daddawar Yarabawa, kowacce na ware ta ita kaɗai, na ba ta lamba. Na zuba kowacce a 'yar kwalbar roba da ruwan gilisarin, na rubuta lambarta da alƙalamin maka, na jera su a akwatin kwali na saka a babbar firizar sashenmu, wadda sanyinta ke kai digiri 80 ƙasa da sifili. Tsofaffin farantan da na shuka su a kai na tara wa Baba, tsohon ma'aikacin lab ɗinmu, na ce ya turara su a otokilef, tukunyar tururin da ke kashe ƙwayoyin cuta, ya zubar. Na rufe ƙofa na kama hanyar Agege, a zuwan bayan wata ɗaya zan dawo. Mako huɗu ya zama wata takwas, sai 14 ga Oktoba aka janye.

Na koma da jaririyar wata biyu a gida. Tun daga matakala na ji warin. Ni da na saba da warin daddawa mai kwana uku, wanda ke sa 'yan ajinmu toshe hanci, sai da na ja mayafi na rufe fuska. Firizar ta mutu, ba wanda ya san tun yaushe. Kuma ba kayana kaɗai ke ciki ba, akwai masu aiki a kan ruwan kwata, akwai masu jinin shanu daga mayanka, duk sun narke sun haɗu a ƙasa. Kwalin ya jiƙe ya zama kamar kwanannen tuwo. Na sa safar hannu na ɗago kwalba ɗaya, fes, ba rubutu. Na ɗago ta biyu, haka. Tawadar ta wanke tas. Wanda ba ya wannan aiki ba zai gane ba: ko da suna da rai a ciki, in ban san wace ce ta 12 wace ce ta 30 ba, littafin da na cika da sakamako ya zama takardar ƙunsa ƙosai. Balle ma an riga an ba da umarni a turara duk abin da ke ciki, kuma gaskiya ce, ba mai hankalin da zai buɗe kwalbar da ta yi iyo a wannan ruwa.

A ƙasan siminti na zauna, bayana jingine da firizar. Nono ya cika mini ƙirji yana zuba ta cikin farar rigar aiki, ban ma kula ba. Lissafi nake: shekara guda ta tafi, ga jaririya, ga kuɗin makaranta, ga bakin mutanen da tun farko suka ce me mace za ta yi da digirin daddawa. Wallahi a zaune a wurin na gama yanke shawarar bari. Har na fara tsara yadda zan faɗa wa maigidana.

Sai na ji jan silifas ɗin Baba. Na san ba ya son a ambace shi, ya ma gargaɗe ni, amma yau sai dai ya yi haƙuri. Bayarabe ne, a Sabon Garin Kano ya tashi, Hausarsa irin ta can ce da ba ta damu da mace ko namiji ba. Ya leƙo ya ce, "Amariya, tashi. Kayanka bai mutu ba." Na ce, "Baba, don Allah bar ni." Bai ƙara magana ba, ya tafi ɗan ofishinsa da ke bayan wurin wankin kwalabe, ya dawo rungume da tsohon gwangwanin biskit da tsatsa ta ci murfinsa. Ya ajiye a gabana ya buɗe.

Ƙananan kwalaben gilashi ne masu murfin ƙarfe, a tsaye, an cusa tsohuwar jarida a tsakaninsu don kada su karu. A cikin kowacce akwai abincin bakteriya da aka daskarar a karkace, a kansa ɗan zane fari-fari, an rufe da man farafin don kada ya bushe. A jikin kowacce an liƙa farin tef, an rubuta lambata da fensir. Ɗaya zuwa 46. Ashe kafin ya turara farantan nan, sai da ya zauna gaban wuta da 'yar wayarsa mai lanƙwasa, ya ɗebi kowacce ya shuka. Ba wanda ya sa shi, bai kuma faɗa wa kowa ba. Ya ce haka yake wa kowane ɗalibi tun kafin a haife ni, domin ya ga mutuwar firiza fiye da sau ɗaya. Ya nuna tef ɗin da yatsa ya ce, "Tawada yana gudu, fensir ba ya gudu."

Nan ne kukan ya zo, irin wanda ba ya fita da sauti.

Amma fa tsoro bai ƙare ba, don wata takwas a cikin kabad ba wasa ba ne. Abin da na riƙe shi ne halin ita halittar. Wadda ke mayar da kalwa daddawa sunanta Bacillus subtilis, ita ce kuma ke yin natto na mutanen Japan da waken suya. In abinci ya ƙare mata ba ta mutuwa, dunƙulewa take ta shige wani ƙoƙo mai tauri ta yi lamo, sai ranar da ta ji danshi da abinci ta farka. Shi ya sa in za mu ware ta daga sauran, mukan ɗora samfurin a zafin digiri 80 na minti 10, masu rauni su mutu ita ta rage, kuma shi ya sa otokilef sai ya kai digiri 121 na minti 15 kafin a tabbata an gama da irinta. Na rubuta wannan a jarrabawa ya fi a ƙirga, har da sunan Bajamushen nan Ferdinand Cohn da ya bayyana ƙoƙon tun shekarun 1870. Ban taɓa zaton wata rana karatuna gaba ɗaya zai rataya a kansa ba.

Da la'asar muka dafa sabon abinci muka zuba a faranta, na shuka su ɗaya bayan ɗaya, Baba na miƙo mini kwalba yana karanto lamba. Muka saka a na'urar ɗumamawa a digiri 37. A danfo daga Oshodi har gida ba na jin komai. Daren nan jaririya ta yi barci, ni ban runtsa ba, in na idar da nafila in duba agogo, in na duba in sake tayar da wata. Ina sallame asuba na fita. Da na buɗe ƙofar na'urar na ɗago faranti na farko wajen taga, sai ga su: busassu, masu yamutsattsen baya kamar fatar tsohuwa, launin madara, gefensu ba a daidaice ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamar su ba, Allah ya yafe mini, har da 'yar da na bari a gida. Guda 41 suka tashi, biyar suka tafi. Na shafa ɗaya a gilashi na rina ta da rinin Gram, na leƙa madubin ganin ƙananan halittu, ga 'yan sanduna ruwan shuni a jere. Baba na bayana yana shan shayinsa kamar ba abin da ya faru.

Baba, ba ni da abin biyanka. Allah ya biya ka, ya ba ka lafiyar gwiwar nan, ya sa 'ya'yanka su tarar da mai yi musu abin da ka yi mini a ranar da ba su zata ba. Allah ya sa ka gama aiki lafiya, haƙƙinka ya fito ba tare da ka yi ta jele ba.

Sai Inna mai daddawa ta bayan masallacin unguwarmu, wadda a wurinta na koyi abin da littafi bai faɗa ba. Ita ta bar ni na tsuguna a madafarta ina kallon yadda ake dafa kalwa kusan yini guda, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando da zafinta a lulluɓe, a bar ta kwana biyu zuwa uku. Ni ina sa ma'auni ina rubuta yadda tsami ke raguwa, sinadarin amoniya na tashi, ita kuwa hannu kawai take cusawa ƙarƙashin buhun ta ce, "Da saura, 'yar nan." Ba ta taɓa kuskure ba. Dukan aikina bai wuce neman abin da zai sa kowace tukunya ta fito kamar ta Inna ba, a kuma tabbata 'yar'uwar wannan halitta mai sa amai da gudawa, Bacillus cereus, ba ta samu wurin zama ba. Cikin 41 ɗin na zaɓi uku da suka fi narkar da furotin, waɗanda in an shuka su a farantin madara suke buɗe fili garau a kewayensu. Da matan Islamiyyarmu suka zo ɗanɗana miyar kukar da aka yi da tawa da wadda aka yi da ta gargajiya, ba tare da sun san wacce ce wacce ba, Inna ta lasa ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ta yi, amma mai ita ba ta da haƙuri." Tawa ce. Ban sa wannan a kundi ba. Allah ya ƙara miki nisan kwana, Inna, ya kai ki ɗakinsa kamar yadda kike roƙo.

Mama mai iru ta kasuwar Oyingbo da ta riƙa ware mini ɗanye kafin ta barbaɗa gishiri, na gode. Kawu mai hatsi na Mile 12 da ya auna mini kalwa bashi a farkon 2023, lokacin da takardar naira ta ɓace muna kwana a layin banki, ya ce in kawo in Allah ya hore, Allah ya buɗa kasuwa. Malamata da ta duba aikin, wadda jan bironta ya sa ni kuka ba sau ɗaya ba, ranar Alhamis na gane amfaninsa, don duk tambayar da malamin waje ya jefo ta riga ta jefa mini mai zafinta. Abokan benci da suka jure warin gwajina, ku yafe ni.

Hajiya, surukata, uwata. Ke kika goya yarinyar nan tun tana wata biyu, ke kika ba ta madarar da nake matsewa da asuba, ba ki taɓa ce mini "yau ma?" ba. Allah ya sa aljanna ce makomarki, ya haɗa ki da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Abban Nana, abin da ka sayar don a aika samfurin waje a karanta ƙwayar halittarsu, ka ce kada in faɗa, to ban faɗa ba. Allah ya mayar maka da ninkinsa, ya bar mu tare. Baffana, da ya yi rayuwarsa a kan huhun goro a nan Agege, ya kuma ce 'yarsa sai ta ƙure boko, bai ga wannan rana ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ladan duk wanda zai amfana da aikin nan ya isa gare shi. Don Allah wanda ya karanta ya yi masa Ƙulhuwallahu.

Mutanen Kano da Funtuwa da suka yi ta kira, na ji daɗi, nisa ce ta hana na sani. Akwai kuma waɗanda tsakaninmu da su kuɗin Keke ɗaya ne, an aika musu katin walima hannu da hannu, kujerunsu muka yi ta kallo har aka kwashe. Wataƙila uzuri ne. Ba komai, zumunci na nan, abincinsu ma an ba almajirai sun yi mana addu'a.

Ya Allah, duk wanda ya taimaka da kuɗi, ko da goyo, ko da kalma, ko da addu'ar da ban ji ba, ka yaye masa damuwarsa. Ɗaliban da kayansu suka tafi a firizar nan ba su samu gwangwanin biskit ba, domin ba kowace halitta ke jure zaman kabad ba, Allah ka ba su mafita, ka kawo su ranar da na gani. Masu jiran haihuwa ka sauke su lafiya, marasa lafiya ka ba su sauƙi, ka zaunar mana da Legas da Arewa lafiya. Amin summa amin.

Sannan wadda ta tafi da babbar kula ruwan ɗorawa ranar walima, don girman Allah ta aiko da ita gidan Hajiya kafin Juma'a. Aro muka yi, mai ita ta aiko sau biyu.