Injin jirgin ruwa ya ƙi tashi? Kada ka fara da kwance kafireta

Mu nan Zariya ba mutanen jirgin ruwa ba ne, kowa ya sani. Ruwan namu dai Galma ne da Kubanni da dam, masuntan ma kwale-kwalen hannu suke turawa, don haka bakanike zai iya tsufa a Sabon Gari bai taɓa ɗora sifana kan injin jirgi ba. Ni ma aikina janareto ne da injin ban ruwa na 'yan fadama, ɗan abin da na sani na injin jirgi a Yawuri na koyo lokacin ina yaron shago. Abin da ya sa nake wannan rubutun shi ne duk sanda irin injin nan ya faɗo garin nan sai a kama shi kamar janareto, a kwance kafireta, a ce kwayil ne, a ce CDI ne, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, mai abu ya yi ta zuba kuɗi, alhali yawanci matsalar ba ta ma cikin injin, tana tsakanin tanki da tiyo ne.

Wani kawuna mai fataucin kifi yana da jirgi da yaransa ke aiki da shi a Shiroro. Ya sayi Yamaha Enduro mai doki 15 na hannu daga Legas, tirela ta sauke masa a Kwangila, ya ce bari a gwada kafin a wuce da shi. Ya ƙi tashi. Kafin ya zo wurina har wani ya buɗe kafireta ya wanke ya mayar, ya kuma ce sai an sayo sabon CDI. Na ce Kawu ku dakata da maganar saye tukuna, ina tankin da tiyon da kuka gwada da su? Ya ce ai suna gida, injin ne ba lafiya ba tanki ba. Na ce a'a, a ɗauko su, da man da ke ciki, kada a zubar.

Kafin a kawo, ga abubuwan da nake dubawa waɗanda ko sisi ba sa ci. Akwai wata jar igiya mai lanƙwasa da ɗan maƙalli a bakinta da ake sakawa a ƙarƙashin maɓallin kashewa, an yi ta ne don in direba ya faɗa ruwa injin ya mutu. In maƙallin nan ba ya wurin, wallahi ko za ka kwana kana jan igiya fulogi ba zai ba da wuta ba. Injin na hannu kuwa sau da yawa babu shi, sai ka ga an ɗaure wurin da roba ko waya. Shi kansa maɓallin in ruwa ya shige shi ya yi tsatsa yana iya kashe wutar ko da maƙallin na nan, sai ka zare wayarsa ka gwada. Sai giya. In ba a firi take ba igiyar ma ƙin janyuwa take yi, haka kamfani ya yi shi da gangan, amma sai ka ji mutum na salati wai injinsa ya yi nokin. Mayar da giya tsakiya kawai.

Toh da aka kawo tankin, a nan labarin yake. A kan murfin tanki akwai ɗan sukurun iska, in yana ɗaure mai ba zai riƙa tafiya ba, alamarsa injin ya tashi ya yi 'yan mintoci ya mutu, wani lokaci har ka ga jikin tankin ya lotsa ciki. Na Kawu a ɗaure yake tam, na sassauta. Sannan wannan baƙar robar mai kamar ƙwai da ke tsakiyar tiyo wadda ake matsawa ta turo mai, akwai kibiya a jikinta, dole kibiyar ta kalli injin, kuma ana matsawa ne har sai ta yi tauri a hannu. Na yi ta matsawa, laushi kawai, ina jin tana shan iska fus fus. Na bi tiyon da yatsa har bakin da ke shiga injin, sai ga ɗan zoben roban da ke ciki ya tsage, mai na ɗan tsattsafowa yana jiƙa mini yatsa. Iska yake ja a maimakon fetur. Ka ga ko kafireta sabuwa fil ka saka me za ta yi, tunda mai bai iso ba?

Shi kansa man ma bai tsira ba. Na sa yaron shago ya kawo gorar ruwa wankakkiya busasshiya, muka kifa tankin muka tsiyayo na can ƙasa, muka ajiye a inuwa. Ba a jima ba ya rabu gida biyu, fetur a sama, ruwa kwance a gindin gora kaurin yatsa guda, har da wani jan gari-gari na tsatsa. Kawu ya ɗaga gorar yana kallo ya ce ikon Allah, a bakin hanya na saya wurin 'yan bumburutu. Ni ba na cewa duk mai sayar da mai a galan mugu ne, wani jarkarsa ce ruwan sama ya shiga, kuma wanda ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya san gidan mai ma ba tabbas ba ne. Amma tun da aka cire tallafi a 2023 mai ya yi tsada, mutane sun daina zubar da tsohon mai, sai a bar shi wata da watanni a tanki ana jin asara, feturin ya tsere ya bar danƙo, danƙon ya toshe ƙaramin jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta. Alamar wannan ba ta ɓuya: da cok zai tashi, kana mayar da cok ya mutu. Wannan ne kaɗai lokacin da nake yarda a kwance kafireta, kuma don Allah ban da tsokana ramin jet da allura, faɗaɗa shi za ka yi ya koma shan mai kamar me. Iska da man wanki sun isa. In ruwa ne kawai ma ba sai an kwance ba, akwai sukuru a gindin kafireta, ka sassauta ya zube, ka wanke ɗan kofin filta.

Fulogi shi ne ba ya ƙarya. Ka ja igiya kaɗan ka kwance ka duba bakinsa. A bushe, mai bai iso ba. A jiƙe da fetur, ko dai ya yi obafulo don an cika cok da ja, ko babu wuta. In obafulo ne ka mayar da cok, ka cire fulogan, ka ja igiya man ya fita, ka shanya su ka mayar. Gwajin wuta kuma irin na janareto ne, ka sa fulogi a hularsa ka jingina da ƙarfen injin nesa da ramin a ja, kana son shuɗiyar wuta mai ƙara, ba ja mai sanyi ba. In kuma ɗigon ruwa ka gani bayan ka tabbatar manka mai kyau ne, to a fara zargin gasket ɗin kai.

Maganar haɗin mai, irin waɗannan ana zuba musu baƙin mai ne cikin fetur kamar ƙaramin janareton Tiger. Yawancinsu 50 da 1 ne, wato rabin litar baƙin mai a lita 25 ta fetur, sabo dal kuma ana ninkawa a farkon aiki, amma ka duba abin da aka rubuta a jikin naka. Man da aka yi dominsu za ka ga an rubuta TC-W3 a robar. Masu zuba baƙin man mota kuma su ƙara da yawa wai don kada injin ya ci wuta, su ne kullum fulogi baƙi ƙirin ya daskare da gawayi, da sanyin safiya lokacin hunturu sai an yi ta fama.

Muka canza bakin tiyo, muka haɗa sabon mai, muka rataya injin a durom cike da ruwa yadda ruwan ya haura wannan faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela sosai. Ana ja ya kama, da tsohon CDI ɗinsa. Kawu har ya fara washe baki ni kuma ina kallon bayan injin, don akwai ɗan ramin da ruwa ke tsartuwa, makanikai na ce masa fitsari, shi ke nuna ruwan sanyaya na zagayawa. Shiru, ko ɗigo. Na kashe nan take, na zura siririyar waya, na ce ko zanzaro ne ya toshe ramin da laka, na sake tayarwa, babu. Na ce Kawu, wanda ya sayar muku ya tayar muku da shi kafin ku biya? Ya ce ƙwarai, har bidiyo ya turo ta WhatsApp. Ya nuna mini, ga injin nan a kan katako a bakin shago yana ta ihu ana ba shi wuta, babu durom babu ruwa.

Abin da ke turo ruwan wata 'yar farfelar roba ce a cikin ƙafar injin, wato ɓangaren ƙasa mai shiga ruwa, ruwan da take turawa shi ke jiƙa ta, in ta juya a bushe ko minti ɗaya ba ta kaiwa take ƙonewa. Da muka sauke ƙafar, fikafikanta biyu sun gutsure sauran sun ƙandare, sai da muka bi bututun muka zaƙulo guntayen don in suka tsaya a ciki sabuwar ma ba za ta yi amfani ba. Na zaga 'yan sifiya na Sabon Gari babu mai ita, wasu ma sai da na nuna musu tsohuwar suna juya ta a hannu. Daga Legas aka sako mana a mota, na ce a haɗo biyu har da gasket ɗinta, ɗaya a injin ɗaya yaran su ajiye a jirgi tare da fulogi biyu da sifanar fulogi da ƙarin jar igiyar nan.