Bikin 'yar Yaya a tsohon gidan gona na Ɗa'ifa

Mu Hausawan Makka mun saba da biki a ɗakin taro na haya, a shiga bayan isha a fito gab da asuba, ba a ga sama ba balle a taka ƙasa. Da auren 'yar Yaya ya tashi, dangin ango suka ce a Ɗa'ifa za a yi, a wani tsohon gidan gona da magada suka gyara suna ba da haya. Daga Shari Mansur, wani titi a Makka, muka ɗauki hanya bayan azahar, da tukwanen masa a bayan mota.

Ana wuce Arfa sai hawa. Titin Hada yana nannaɗe da jikin dutse, kunne na toshewa, ga birai a bakin hanya suna jiran a jefa musu ayaba. Garin Ɗa'ifa yana kimanin mita 1,800 sama da teku, shi ya sa sarakunan Saudiyya suka mai da shi wurin gudun zafi, kuma a nan Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. Muka ratsa gari muka nufi wajen Shafa, wani yanki na duwatsu a bayan gari.

Gidan na dutse ne zalla, an jera shi ɗaya kan ɗaya, da doguwar hasumiyar tsaro wadda aka yi wa ado da fararen duwatsu a ka. Azarar rufin itacen ar'ar ce, wata bishiyar duwatsun yankin, ƙofofin gajeru, sai mutum ya sunkuya. A ƙasa gonar ta sauka hawa-hawa: rumman, inabi, ɓaure, sai layukan wardi har bakin rijiya. Dattijon gidan ya zagaya da mu. Na ce, "Baba, haka kuka gaje shi?" Ya girgiza kai. Ya ce rufin ya taɓa ruftawa, awaki ne ke kwana a ciki, wasu magadan har sun nemi a sayar. Kuɗin biki ne yanzu ke biyan magina da masu ban ruwa. Wannan ya shiga raina sosai, domin na san gidajen ƙasa nawa suka zube a unguwar kakannina a Kano saboda ba mai kwana a cikinsu. Abin da ya fi burge ni, ba su shafe dutsen da siminti ba, wayar wuta ma ɓoye ta suka yi a bayan azara.

Amma wurin bai tausaya wa tsofaffi ba. Matakalar tana da tsayi, fitila kaɗan ce, sai da samari suka riƙo Gwaggo ta kowane gefe. Ga sanyin dare, mu kuwa da kayan Makka muka zo. "Ke 'yar nan," in ji ta, "watan Afrilu ne wannan ko hunturu?" Aka nemo mata bargo da gahawa.

Maza suka zauna a filin gindin hasumiya aka kai musu salig, shinkafar da ake dafawa da madara da romo. Mu mata muna tsakar gida. Da amarya ta fito daga ƙofar dutse, lallenta ya kama jawur, Inna ta rangaɗa guɗa, matan gidan suka amsa da tasu, kwarin nan kaf ya ɗauka.

A nan muka kwana. Kafin rana ta fito ma'aikata sun shiga layukan wardi, don da zarar ta yi zafi ƙamshin ya ragu. Furen Ɗa'ifa sau ɗaya yake fitowa a shekara, tsakanin Maris da Afrilu, a ranar da aka tsinke shi ake zuba shi a tukwanen tagulla a turara, man a sayar da shi tola-tola, wato da ɗan ƙaramin ma'aunin turare. Baba ya bar amarya ta cika gefen gyalenta. Da hantsi muka sauko, Yaya da Kawu suka tsaya a mikatin Wadi Muharram suka ɗaura harami, suka ce sai sun yi wa yaran addu'a a Ka'aba kafin su isa gida.