Jar hular da Auta ya saka min a jaka

Ban san da hular a kayana ba sai da na sauka Amurka na zazzage jaka. Auta ne ya cusa ta ƙarƙashin ƙullin kuka da yajin da Inna ta ɗaure min. Jar hana-sallah ce, irin wadda aka raba lokacin kamfen ɗin 2023, an rubuta Amana da farin zare a gabanta, bakin ma ya fara warwarewa saboda sawa. Na shinshina ta na ji ƙurar garinmu da man da yake shafawa a kai. Na zauna a bakin katifa na daɗe riƙe da ita.

A watan Agustan 2024 na zo Kolombus, jihar Ohayo, karatun digiri na biyu kan ƙasar noma. An yafe min kuɗin makaranta, amma ci da haya a wuyana suke, shi ya sa na kama aiki a ɗakin girkin ɗalibai, awa 20 a mako, iyakar abin da doka ta yarje wa ɗalibin da ya zo daga waje ke nan. Wanke-wanke nake da goge tebur. A can na haɗu da wata dattijuwa 'yar ƙasar Haiti, Mama nake ce mata don ta kusa sa'ar Inna. Mako na biyu ta lura ba na taɓa naman wurin, tun daga ranar take zuwa min da shinkafa da wake daga gida a 'yar roba mai shuɗin murfi. Ranar farko da na buɗe na ga garau-garau sak, mai da yaji kawai ya rage. Na kawo yajin Inna na barbaɗa mana, ta ci tana hawaye tana dariya. Duk faɗin garin nan, ita kaɗai ce ke tambayata ko na yi barci.

Shi kuwa Auta kullum saƙonsa ɗaya ne: "Yaya, don Allah ka sa hular nan ka yi mana hoto, mu nuna musu har Amurka muna da mutum." Na yi ta ja masa rai, har wata Asabar a ƙarshen Satumba na ce bari dai in faranta wa yaron nan. Na sa farar shaddata, na ɗora hular, wani abokin kwanana ya ɗauke ni a gaban majalisar dokokin jihar. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Na tura, ban cire hular ba na hau bas zuwa aiki.

A cikin bas wani Bature mai furfura ya taso daga kujerarsa ya ba ni hannu, ya girgiza da ƙarfi, ya ce ya ji daɗin ganin irina ya gane gaskiya. Ban fahimci wace gaskiya ba, amma raina ya yi fari. Wata ɗaya da rabi, wato mako shida da 'yan kwanaki a ƙirgen da nake yi kullum da dare, ba wanda ya taɓa fara yi min magana a hanya. Na ce a raina shigar gida ce ta jawo min mutunci. Akwai wata budurwa da ta tashi daga kusa da ni ta koma baya, ban kawo komai ba.

Ta ƙofar baya na shiga kicin. Mama na tsaye tana juya miya a babbar tukunya. Ta ɗago ta yi min murmushin da ta saba, sai idonta ya kai kaina. Ta ajiye ludayin a hankali. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Har da kai?" Robar mai shuɗin murfi tana kan kanta inda take ajiye min. Ta ɗauka ta mayar cikin jakarta, ta ja zif.

Wani yaro da muke wanke-wanke tare ne ya ja ni gefe ya warware min. Jar hana-sallah mai farin rubutu a nan ta mutanen Trump ce, tun 2015 yake sa ta, an rubuta a dawo da martabar Amurka a jiki. Kuma kwanakin nan ba kwanakin wasa ba ne. Ranar 10 ga Satumba, a muhawararsa da Kamala Harris, Trump ya tsaya gaban duniya ya ce baƙin da ke Sifirinfil suna cinye wa mutane karnuka da kyanwoyi. 'Yan Haiti ake nufi. Hukumomin garin sun ce ba su da wata shaida, gwamnan jihar ma, wanda ɗan jam'iyyarsu ne, ya faɗi haka, amma magana ta riga ta fita. Aka yi ta barazanar bam har aka rufe makarantu. Sifirinfil ɗin nan bai kai tafiyar awa ɗaya daga inda muke ba, kuma a can 'yar Mama take da jikokinta uku. Duk wannan ina cikin jihar aka yi shi, ni ina fama da darasi da lissafin haya, labaran da nake bi na gida ne, na ambaliya da farashin taki.

Na cire hular na je na miƙa mata, na ce ta karanta. Na fara bayani, Turancin ya gudu ya bar ni. Ta yaya zan faɗa mata Malam Aminu Kano a cikin minti biyu, ana jiran faranti? Na ce ta talakawa ce, ta masu ƙin zalunci ce. Ta juya hular ta duba rubutun, ta miƙo min. Ta ce ta yarda ban sani ba. Amma jikarta 'yar shekara takwas idan ta hango jar hula daga nesa ba ta tsayawa karanta rubutu, tsallaka titi take. Ta koma kan tukunyarta.

Ranar na wanke kwanuka awa biyar da yunwa, hular tana cikin aljihun shadda tana tokarina. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, ko ranar da aka kore ni daga aji a sakandare kan kuɗin jarrabawa. Abin da ya fi ci min rai shi ne hannun da na ba mutumin nan a bas, har da murmushi, har da godiya.

Kuma har yau akwai haushi a zuciyata. Mako guda aka yi ana tara mu baƙin ɗalibai ana yi mana bitar inshora da haraji da yadda ake zubar da shara, ba wanda ya ce ku kula da launin abin da za ku ɗora a ka. Alhali ƙasar gaba ɗaya da alama take magana. Ja na 'yan Rifablikan, shuɗi na 'yan Dimokurat. Ƙofar gida an kafa ɗan allo, bayan mota an manna takarda, ga riguna ɗauke da hoton Trump ya ɗaga dunƙulallen hannu da jini a fuska, ranar da aka harbe shi a Fensilbeniya cikin Yuli. Hatta hiramin da Baffa ya kawo min tsarabar Makka, wanda a garinmu kowane alaramma yake yafawa a kafaɗa saboda rana da ƙura, a nan idan ka yafa ka shiga maganar Gaza ke nan. Zuciyata tana tare da mutanen Gaza, Allah ya sani, amma na ninke shi na ajiye, don takardar zamana ta ɗalibi ce kuma bakuna da yawa suna jira na a gida.

Mu ma ai mun iya wannan yaren, mun ma riga su. A garinmu kafin mutum ya yi sallama an karanta hularsa. Zanna bukar ce ko damanga, ya karya ta gaba ko ya tura ta ƙeya, wankin ƙwararre ne ko ta sha jiki, duk magana ce. Ja kuwa ba Auta ne ya fara kawo ta gidanmu ba.

A ɗakin Baba akwai hoto guda ɗaya tak, baƙi da fari, a jikin bango sama da buzunsa. A Wudil aka ɗauka ranar wata Juma'ar kasuwa a 1979. Yana saurayi, siriri, tsaye ƙyam gaban labule, dara a kansa, ya ɗaga mabuɗin kwaɗo a hannun dama saboda mabuɗi ne alamar PRP. A hoton hular baƙa ta fito. Duk baƙon da ya tsaya kallo sai Baba ya ce, "Ja ce fa. Irin ta Malam." Ya faɗi haka ya fi sau dubu, kuma bai taɓa faɗa da wasa ba. Yana yaro ya ga an shanya mahaifinsa a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji bai cika ba. Da Abubakar Rimi ya hau gwamna a shekarar nan ya soke haraji da jangali, Baba ya ce ranar ya fara jin shi ma mutum ne. Da jam'iyyar ta rabe Santsi da Taɓo ya tsaya Taɓo, wajen Malam, duk da son da yake wa Rimi. Da Malam ya rasu a watan Afrilun 1983, a bayan akori-kura ya tafi Kano, ya ce tun daga nesa da Gwammaja ba masaka tsinke. Shi ya sa lokacin da Kwankwaso ya fito da jar hula da fararen kaya yana cewa koyi ne da Malam Aminu, ba sai an yi wa Baba kamfen ba. Tsohuwar darar ya ciro daga adaka ya kakkaɓe.

Wannan ce hular da aka ga na sa aka ɗauka ina murna da tsoron da jikokin Mama ke ciki.

Ina cikin wannan jinyar sai ga ta gida. Auta ya ɗora hoton a Facebook, ya rubuta Kwankwasiyya har Amurka, ya yi ta yawo a wayoyin samarin gari har ya isa majalisar da Baffa yake zama bayan la'asar. Baffa ƙanin Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da Ganduje da Kwankwaso suka raba gari a 2016 ya ajiye tasa jar hular ya bi ɓangaren gwamna, yana da dalilansa, ta hannun mutanensu aka haƙa mana rijiyar burtsatse. Zaɓen 2019, wanda aka ce bai kammalu ba, wata guda suka yi shi da Baba ba sa cin tuwo a kwano ɗaya a zaure. Haka aka sake a 2023. Amma da maganar tafiyata ta taso, dala ta haura naira 1,500, kuɗin jirgi ya gagara, ba wanda ya roƙi Baffa. Da asuba ya kwance bijiminsa na huɗa, ɗaya daga cikin biyun da yake noma da su, ya kai kara a Wudil. Da yamma ya zo ya ajiye kuɗin gaban Baba a cikin leda, ya ce, "Yaya, ga na yaron nan." Daminar bana da aron sa ya yi huɗa.

A majalisar aka miƙa masa waya ana dariya, wai ga inda bijiminka ya tafi, ya je yana yi wa abokan hamayya talla. Inna ce ta faɗa min. Ta ce bai tanka ba, ya tashi ya saka takalmi ya tafi gida.

Na kira shi washegari. Na ce, "Baffa, barka da yamma, ya gona?" Ya ce, "Lafiya lau. Ya karatu?" Na ce ina so in yi bayanin hoton nan. Ya ce, "Ba komai, kanka ne, hularka ce. Allah ya ba da sa'a." Ya ce ana kiran salla. Na duba agogo na lissafa, da sauran kusan awa guda kafin magariba a can.

Na yi wa Auta faɗa har ya yi kuka, daga baya na ji ba daɗi, don shi alfahari yake da ni, ba shi da wani yaya a waje sai ni. Ya goge hoton, amma an riga an adana a wayoyi. Baba kuwa ya sa an wanko masa shi a Wudil ya liƙa kusa da nasa. Inna ta ce idan baƙo ya shigo yanzu hotuna biyu yake nunawa, kuma a nawa ba ya buƙatar cewa ja ce. Ban iya gaya masa abin da hular ta jawo min ranar ba. Ƙafarsa ta matsa masa, zuwa masallaci ma sai da sanda, ban ga amfanin ɗora masa wani abu ba.

Mama ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta kawo robar ba, ina ƙirgawa. Rana ta sha biyu na tarar da ita a kan kanta, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Muna gaisawa, tana tambayata sanyi, amma ba ta ƙara tambayata ko na yi barci ba. Bayan zaɓen 5 ga Nuwamba ta yi kwana biyu ba ta zo aiki ba. Da ta dawo na ba ta sauran yajin Inna gaba ɗaya, ta karɓa da hannu biyu.

Hular tana ƙasan akwati tare da hiramin. Na fara tara abin da ya samu daga wanke-wanken, dala ashirin yau, talatin wani makon, ina so kafin damina ta faɗi a saya wa Baffa ko ɗan maraƙi ne, duk da na san zai iya cewa a mayar. Na tura masa saƙon murya sau uku ta wayar ɗansa, an nuna min an saurara.

Jiya Inna ta sa Auta ya kira ni. Ta ce an gama sussukar dawa, ta fi ta bara auki, gyaɗar ce dai ba ta yi ba. Ta ce akuyarta ta haifi biyu. Sannan ta ce ita duk hotunan nan da ake ta magana a kai ba ta ga abin da take nema ba, inuwar hula ta rufe min ido. In yi mata wani ba hula, in matso kusa, tana so ta ga wuyana ko na rame.