Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bikin Mabera da Hoton da Ya Fito Toka-toka

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya haƙura, ya ƙyale ni na bar rumfar dukanci na bi maigidana ɗaukar bidiyon biki. Masu jiran labarin aurena su ƙara haƙuri, domin tun daren Talata wani biki da muka ɗauka a unguwar Mabera ta Sakkwato ya tsaya mini a rai.

Kawu, Allah Ya jiƙansa, idan ya ga yaro yana gaggawar shafa karan dafi a kan fatar akuya, sai ya ce, "Rini ba ya kama fatar da ba a jeme ba." Na taso ina jin wannan magana har ta gundure ni, ban san a gaban kwamfuta za ta tsare ni ba.

A 2018 ne maigida ya yi hayar kyamarar Sony a7S II domin ya burge dangin amarya, ba tare da ya lura cewa wanda ya riga mu amfani da ita ya bar ta a kan wani saitin ɗaukar hoto da ake kira S-Log3 ba. Da na buɗe aikin da daddare, sai na ga komai ya fito toka-toka kamar an ɗauka cikin hazon hunturu, jan leshin amarya ya koɗe, fuskokin mutane babu jini. A lokacin ban san da gangan kyamara take yin haka ba, wato tana matse haske da duhu wuri ɗaya domin kada farar shadda ta ƙone a ranar Sakkwato, kada kuma inuwar zaure ta zama baƙi ƙirin. Irin wannan hoto ɗanyar fata ne. Sai an juya shi zuwa Rec.709, ma'aunin launin da talabijin na zamani yake bi tun 1990, kafin ya yi kama da abin da ido ya gani.

Maigida ya miƙo mini filas cike da lut-lut da ya kwaso daga intanet, ya ce in ɗora wanda ya fi kyau. Lut ba komai ba ne illa jadawali mai cewa wannan launi ya koma wancan, kuma kowanne akwai irin hoton da yake jira. Waɗanda ya ba ni duk na ado ne, an yi su domin hoton da ya riga ya koma Rec.709. Na ɗora rini a kan fatar da ba a jeme ba. Da abin ya ƙi, sai na riƙa jan haske da launi da hannu, ita kuwa wannan kyamara mataki 256 kacal take ajiyewa a kowane launi, ba 1024 irin na ƙanwarta a7S III ba, don haka sararin sama ya tsattsage ya yi zobe-zobe.

A gaban uban amarya maigida ya nuna ni da baki ya ce, "Alhaji, yaron ga ne ya ɓata aikin." Ban tanka ba, domin ba a yi mini tarbiyyar musu da babba ba, amma shi ya yi hayar kyamarar, shi ya ba ni filas ɗin, kuma shi ya zabge mini kuɗin wata guda.

Yanzu da nake da shagona, yaron da zai taɓa aiki sai ya fara gaya mini abu biyu: wane log aka ɗauka da shi, wato saiti irin su S-Log3, kuma wace farfajiyar launi, wato iyakar launukan da hoton zai iya ɗauka. S-Log3 da farfajiyar launi ta S-Gamut3.Cine tafiyarsu ɗaya, lut ɗin Canon ko na V-Log ɗin Panasonic ba ya hawa kansu, ko na S-Log2 ma ba ya yi. Na fi yarda da lut ɗin da kamfanin kyamarar ya fitar da kansa, ko in yi juyin a cikin manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve, kuma nakan gyara haske kafin lut, domin abin da lut ya ƙone ba ya dawowa. Ado sai a ƙarshe. Yaran suna dariya idan na ce su fara jima, ba su san bagaruwa ba balle Kawu.

Bara na haɗu da tsohon maigidan a wajen ɗaurin aure a Runjin Sambo. Ya tambaye ni abin da ke sa hoton sabuwar kyamararsa fitowa fari-fat, na karɓa na duba masa, na tarar tana kan S-Log3.