Sarkin Ruwa a bakin tekun Tanji

Wata takwas ke nan da faruwar abin, amma har yau in na biyo ta bakin ruwa a Tanji, kafin ƙafata ta taɓa yashi sai wata daga cikin mata masu bandar kifi ta ɗaga murya: "Sarkin Ruwa!" Sauran su ɗauka da shewa. Ba sa jin Hausa ko ta sayen gishiri, amma waɗannan kalmomi biyu sun zauna musu daram a baki. Kuma ni na koya musu da bakina, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ni ɗan Argungu ne, gidanmu gidan su ne tun kaka da kakanni. Ban san ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda ban san ranar da na koyi tafiya ba. Ina shekara bakwai Baba ya kifa ni a kan gora, ya tura ni tsakiyar gulbi, ya juya ya ci gaba da gyaran komarsa. Boko ne ya raba ni da sana'ar, na ƙare a malamin lissafi, kuma koyarwar ce ta kawo ni Gambiya a watan Satumba na 2022. Amma ko a aji nake da alli a hannu, a raina ni Bakabe ne ɗan ruwa, kuma ban taɓa jin akwai ruwan da zai ba ni tsoro ba.

Da ina da wayo, tun makon farko na isa in gane. Wani Bakatsine mai sayar da huluna da turare a kasuwar Serekunda, wanda shi ya fara riƙe ni, ya ce in zo mu hau jirgin fito daga Banjul zuwa Barra in ga gulbinsu. Muna tsaye a gaɓa na tsuguna na kamfato ruwan da hannu na kai baki, yadda kowane ɗan masunta zai yi in ya iske baƙon ruwa. Gishiri zalla! Na tofar, Bakatsine ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce wannan ba gulbi ba ne, gulbin da ba ya kashe ƙishirwa ai sunan kawai ya ara. Da muka dawo da yamma kuma na tarar ruwan ya janye, ya bar kwale-kwale zube a kan laka kamar an yi fari. Sau biyu yake haka kullum, ya ciko ya koma. Namu sai damina ta kankama yake cika, kuma in ya tashi janyewa wata da watanni yake ɗauka, da mutunci.

Makarantar da nake koyarwa ba ta da nisa da Tanji, rabin ɗalibaina 'ya'yan masunta ne. Da yamma nakan gangara bakin teku in zauna wurin masu ataya, don ƙarnin kifi da hayaƙin banda su ne abin da ya fi kama da gida a duk ƙasar. A nan bakina ya ja mini. Na ga abin da suke saukewa daga manyan jiragensu masu fenti kala-kala, yawanci bonga ne da yaboi, kifaye 'yan tafin hannu masu ƙaya kamar tsintsiya. Na ce wannan ai a garinmu yara ke kama irinsa da ƙwarya. Na ciro waya na nuna musu Matan Fada, gulbin da ake bikin kamun kifi na Argungu: dubban mutane sun jeru a tudu, a buga bindiga su ruga su faɗa ruwa, kowa da gorarsa da komarsa, babu inji babu ƙugiya. Na ba su labarin giwan ruwa mai kilo 78 da aka fitar a bikin 2020. Na gaya musu tun 1934 ake wannan biki, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Na ce muna da mai sarautar ruwa, wanda ba a shiga sai ya gyara ruwan ya ba da izini, kada ma ta san da zamansa. Suka ce yaya kuke kiransa? Na ce Sarkin Ruwa. Suka yi ta maimaitawa har suka iya.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ko yanzu ban janye ko ɗaya ba. Inda na yi ganganci shi ne da na bari suka ɗauka ni ma ina cikin masu rungumo giwan ruwan.

Akwai wani dattijo a wurin, Baserere daga Senegal, mai jirgi guda da yara goma sha. Tunda na fara zuba bai ce uffan ba, yana ta ɗinkin raga. Da aka zuba ataya ta uku sai ya yi magana da Wolof, ɗalibina ya fassara: wai ranar Asabar in zo mu fita tare, su ma su ƙaru da ilimin mutanen gulbi.

Na yi asuba, na karya da burodin tapalapa cike da wake da mai, don in ji ƙarfin jan raga. Wannan ma kuskure ne. Muka tura jirgi, aka tayar da inji. Igiyar farko da ta ɗaga mu ta sake, sai na ji hanjina ya tsaya a sama ni na sauko. Na daure na yi murmushi. A gulbi duk inda ka kai kana ganin gaɓa, ga bishiya can, ga shanun Fulani suna shan ruwa, in ta ɓaci ka san iyon da ya rage maka. Nan kuwa kafin hantsi ƙasa ta ɓace ɗungum. Gabas ruwa, yamma ruwa. Kuma ruwan ba gudu yake ya nufi wani wuri kamar namu ba, numfashi yake, ya kumbura ya sace, ya kumbura ya sace. Miyau ya fara taruwa a bakina, zufa mai sanyi ta karyo. Na kama gefen jirgi, tapalapa ya dawo, wake ya biyo shi, atayar jiya ma ba ta zauna ba. Da abin cikin ya ƙare na ci gaba da kakarin banza har wani ruwa mai ɗaci kore ya fito.

Ban taɓa ragar nan ba ko da yatsa. Kwantar da ni suka yi a ƙasan jirgi, kuma da suka fara jawo kifi babu inda za su zuba sai inda nake. Haka na wuni, bonga na tsalle a kan ƙirjina, ruwan ƙarni na shiga kunnena. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba, mai kwarfe ruwa da yankakken galan, shi ya riƙa matsa mini lemun tsami a baki yana shafa mini kai kamar jinjiri. Azahar ta yi ban san inda alƙibla take ba, ban ma iya ɗaga kai in tambaya ba. Na yi kalmar shahada ta fi sau ɗari. Na yi wa Allah alkawura iri-iri, wasu har yanzu ban cika ba.

Bayan la'asar muka dawo. A Tanji in jirgi ya iso, mata da samari ne ke kutsawa cikin ruwa har ƙirji da bahuna a ka, su yi ta jidar kifi. To ranar, bayan an gama jidar kifi sai aka jido ni. Ƙarti biyu, ɗaya hannuwa ɗaya ƙafafu, kamar buhun shinkafa. Suka dire ni a yashi, yashin ma ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. A nan wata uwa mai baho ta leƙo fuskata, ta juya ta sanar wa duniya: "Sarkin Ruwa!"

Abin da nake riƙe da shi a rai, sun san haka za ta faru. Daga baya dattijon ya aiko ɗalibina ya ce kada in damu, kowa da haka ya fara, ɗansa na cikinsa sai da ya yi mako yana amai. To me ya hana a gaya mini tun ranar ataya? A ce kada ka cika ciki, ka riƙa kallon nesa, ka zauna ta baya? Shiru suka yi, suka bar baƙo ya kai kansa. Ko da yake in na tuna yadda mu ma muke yi wa 'yan birni in sun zo Matan Fada suna tambayar ko da kada a ciki, sai in rage fushin kaɗan.

Ba na cewa mugaye ne. Ban taɓa zama da mutane masu kiran baƙo ga abinci irinsu ba. Ba ka wuce ƙofar gida ana cin benacin, dafa-dukarsu ta shinkafa da kifi, a bar ka ka wuce, sai ka tsuguna an sa hannu tare a faranti ɗaya, uwar gida tana gutsuro kifi tana turo maka gabanka. Zoɓonmu ne suke kira wonjo, Babbar Sallah kuma Tobaski. Amma shinkafa rana, shinkafa dare, mafi yawanta kuma daga waje ake shigo da ita, ga ni ɗan fadamar da ke ciyar da rabin Arewa ina sayen 'yar gutsattsariya da dalasi. Ƙasar gaba ɗaya jihar Kebbi ta ninka ta uku. Ka miƙe kudu ko arewa, ba ka gama gyara zama a mota ba za a ce ga iyakar Senegal. In na faɗi haka sai su ce to, amma ku kuna da teku? Sai in yi shiru.

Ashe ɗalibin nan nawa ya ɗauki jidar da aka yi mini a waya. Ya tura wa wani, wani ya tura wa wani, ya isa Serekunda hannun Bakatsine. Shi kuwa abokin wasa, me zai jira? Kwana uku sai ga saƙon murya daga ƙanena na Argungu, minti guda cur, babu ko sallama, dariya ce kawai har yana sarƙewa. Inna kuwa da aka nuna mata kuka ta fashe da shi, ta ɗauka gawata aka fitar, sai da na kira ta ta ji muryata sau biyu kafin ta yarda. Wanda ban ji daga gare shi ba shi ne Baba. Mako uku ina kiran gida, in an ce ga Baba sai in ce katina ya kusa ƙarewa.

Shi ya sa aka kira ni, wata Juma'a da dare. Bayan gaisuwa ya ce, "Wanga ruwa da kash shiga, shina da Sarkin Ruwa?"

Na ce, "Baba, akwai dai manyan masunta."

"Ka kai musu goro? Ka yi ma ruwan sallama?"

Na ce a'a.

"Yo to. Ruwan mutane na, ba na ubanka ba. Ko nan, wa ash shiga Matan Fada ba a ba shi izni ba?" Ya ɗan yi tari. "Gaɓa tai ta waje guda, awa nawa ta ga mai iyo?"

Na ce, "Baba, ba a ganinta. In aka miƙe yamma sai nahiyar Amurka."

Ya yi shiru har na duba ko wayar ta yanke. Can ya ce, "Wanga ba ruwan su na ba. Sauran ruwan Annabi Nuhu na." Bai yi mini dariya ba, bai yi faɗa ba. Tambaya ya shiga yi: wane irin zare suke saƙa raga da shi, da wane icce suke banda, kifin gishiri yana kai wata nawa bai yi ƙwari ba. Mun fi rabin awa. Rabon da mu yi doguwar magana haka da shi tun ina ɗan makaranta.

Sai da muka yi sallama na tuna shi bai ma ga bidiyon ba, ba shi labari aka yi. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Komarsa tana rataye a zaure shekara uku, ɓera ya fara cin ta. Ƙanen nawa mai dariya ya ajiye gora ya kama kabu-kabu, ya ce ruwa ba ya biyan kuɗin makarantar yara, kuma ban ga laifinsa ba. Ambaliyar 2020 ce ta cinye mana shinkafar fadama tana dab da nuna, bashin takin wannan shekarar shi ya koro ni nan, har yau da saura. Duk wata in na karɓi albashi sai in raba uku a takarda: bashi, cefanen gida, aikin idon Baba. Kason idon ne kullum ake taɓawa, yau suna, gobe rashin lafiya, jibi katangar bayan gida ta faɗi. Yaya kuma ya sa mini ido, gani yake wanda ke ƙasar waje shebur yake sa wa kuɗi.

'Yata an haife ta ina da wata biyar a nan. Ban taɓa ɗaukarta ba. Mai ɗakina ta ce in aka tambaye ta ina Abba sai ta nuna waya. Kuma duk hotunan da na tura, na sanye da kwat a gaban allo, na ranar Sallah da babbar riga, ba wanda take so sai wancan. Kullum kafin ta yi barci sai ta karɓi wayar ta ce a sa mata Abba cikin kifi. Na ce a goge shi, uwar ta ce in an goge wa zai yi mata rarrashi?

Goron dai na saya, fari ƙwarya guda, a kasuwar Serekunda. Yana nan ƙarƙashin gado cikin jiƙaƙƙen algarara, ina yayyafa masa ruwa safe da yamma. Jiya Baba ya sa aka tambaye ni ko na kai. Na ce Asabar mai zuwa, in Allah ya yarda. Asabar ta huɗu ke nan ina faɗin haka.