Kafin ka sayi igiyar kamun salmon

Ƙannena da ke karatu ko aiki a Aberdeen da Dundee da Edinburgh, waɗanda sha'awar kamun kifin salmon da ƙuda ta fara ja zuwa bakin kogunan Sikotland, ku saurare ni tun kuɗinku yana aljihu. Igiya ta fi sanda muhimmanci. Yawancinmu sanda muke zuba wa ido, mu kashe mata kuɗi, sannan mu ɗauki duk igiyar da ta zo hannu. Ni ma haka na yi, kuma na daɗe ina ɗanɗana kuɗata.

A fatsar da muka sani a gida, dalma da tsutsa ke jan zare cikin ruwa. A nan ƙudan da ake ɗaurawa gashin tsuntsu ne da zare a jikin ƙugiya, ba shi da nauyin da zai kai kansa ko'ina. Igiyar ce mai nauyi. Ita ke lanƙwasa sanda, ita ke kai ƙuda tsakiyar kogi, kuma ita ke da ikon zurfin da zai bi. Shi kuwa salmon, da zarar ya baro teku ya shigo kogi, ya daina cin abinci. Yunwa ba za ta sa ya biyo ka ba. Kai ne za ka gifta masa ƙuda a inda yake kwance, da saurin da zai tsokane shi.

Lambar nauyi da ke jikin kwalin igiya ce ta fara kayar da ni. Sandata mai hannu biyu ce, ƙafa 14, an rubuta mata 9/10. Na ga igiya mai lamba 10 na saya, ashe ta sandar hannu ɗaya ce. A ƙananan sanduna ana auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya ne, kuma lamba 10 a wannan ma'auni ba ta kai giram 20 ba. Sanda irin tawa kuwa kan igiya mai wajen giram 38 zuwa 40 take nema. Sai ta ƙi lanƙwasa. Ina ta ƙara ƙarfi, kafaɗa tana zogi, igiya tana zubewa a gabana a dunƙule. Na zargi hannuna, na zargi iska. Wani dattijon gili a kogin Dee, wato mai kula da yankin kogin da ke yi wa masu kamu jagora, ya karɓi sandar ya gwada, ya murza igiyar tsakanin yatsunsa, ya ce mini sandar lafiyarta ƙalau, yunwa ce ke damunta. Saboda haka ku nemi giram ɗin da maƙeran sanda suka rubuta, ku sayi kan igiya da ya dace da shi.

Sai tsawon kan igiya, wato sashen gaba mai kauri. Na ga ƙwararru a kogin Spey, wanda salon jifan da ake kira Spey ya samo suna daga gare shi, suna ɗaga igiya mai kai ƙafa 65 ko fiye, tana miƙewa a hankali har gaɓar can. Abin ya burge ni, na sayi irinta. Wannan igiya tana son hannun da ya nuna, da fili a bayanka inda za ta yi ciki kafin ka tura ta gaba. Ni ba ni da hannun, kuma inda nake kamu bishiyoyi ne a bayana. Mai koyo ya fara da kai irin na Scandi, wanda tsawonsa bai wuce ninki biyu da rabi zuwa uku na sanda ba. Yana da sauƙin ɗagawa, yana sauka a ruwa ba hayaniya. Akwai kuma na Skagit, gajere mai kauri, wanda masu kamu a jihar Washington ta Amurka suka ƙirƙira don jefa manyan ƙudaje da baki mai nutsewa, wato guntun igiyar da ake haɗawa a gaban kai. Yana da ranarsa, ranar da kogi ya cika ya yi sanyi.

Inda na fi yin asara shi ne zurfi, kuma a nan nake so ku tsaya sosai. Ana buɗe kamu a kogin Tay ranar 15 ga Janairu, a Dee da Tweed 1 ga Fabrairu, a Spey 11 ga Fabrairu. A wannan lokaci ruwa yana yanka ƙafa ko da kana sanye da rigar shiga ruwa. Kifi yana maƙale a ƙasa, jikinsa a mace, ba zai taso ba. Ni kuma ina ta jifa da igiya mai yawo a sama, domin ita ce mai daɗin jifa, ƙudana yana wucewa can saman kansa. Tsofaffin masu kamu suna da iyaka da suke bi: idan ɗumin ruwa bai kai digiri 9 na Celsius ba, a nutsar da igiya a sa babban ƙuda, idan ya haura a koma igiya mai yawo da ƙaramin ƙuda. Salon na biyun Arthur Wood ne ya yi suna da shi a Cairnton da ke bakin Dee a farkon ƙarni na 20, zamanin da igiyar siliki ce ake shafa wa mai don ta tsaya a saman ruwa. Iyakar ba doka ba ce, kifi yakan saɓa mata, amma ta fi tafiya a makance.

Da na gane haka sai na zarce. Na riƙe igiya mai saurin nutsewa har cikin Yuli, lokacin da kogi ya janye, duwatsu suka fito. Ƙugiya ta yi ta maƙalewa, na yi ta tsinke ƙudaje, kifin da ke wurin kuma faɗuwar igiyar kaɗai ta ishe shi guduwa. Ana rubuta saurin nutsewa da inci a daƙiƙa: mai tsaka-tsaki wajen inci ɗaya da rabi, masu nauyi har inci shida ko fiye. Ba sai kun sayi igiya iri-iri ba. Kai ɗaya mai yawo, da bakuna uku ko huɗu da ake canzawa ta madauki, sun ishi mai farawa daga sanyi har bazararsu. Ku sa ma'aunin zafi a aljihu, ku tsoma shi a ruwa kafin ku ɗaura komai. Idan ƙuda yana taɓa ƙasa a kowane jifa, ku rage nauyi. Idan a ruwan sanyi bai taɓa ko sau ɗaya ba, ku ƙara.

Ku yi hattara kuma da arha a intanet, don arha ba ta ado. Na taɓa sayen igiya da aka karya wa farashi, ban karanta cewa ta ruwan ƙasashe masu zafi ba ce. Da ta ji sanyin Dee sai ta sandare, ta nannaɗe kamar wayar tsohon tarho, ta ƙi ratsa zobban sanda. Robar da ake lulluɓe igiya da ita ana haɗa ta ne don wani yanayi, kuma a rubuce yake a kwali.

Ranar kamu a waɗannan koguna da kuɗi ake samunta, ga shi doka ta hana kamun salmon ran Lahadi, don haka mai aiki Asabar kaɗai yake da ita. Kada ku ɓatar da ita wajen gwaji. Da ɗan gari akan ci gari: ku buga wa gili waya tun ana jibi, ku tambaye shi tsayin ruwa da ɗuminsa, da irin bakin da aka kama kifi da shi a makon. Ku gaya masa tsawon sandarku da lambarta. Da yawansu suna da igiyoyi a bukkar bakin kogi, kuma idan kun roƙa za su ɗaura muku biyu ko uku ku ji wadda sandar ta amsa, kafin ku je kanti.